Abin da Hannun Muna Ya Zubar

Duk wanda ya girma a Filinge zamanin soja ya san gidan giyar Magagi, ko da yau ya rantse bai sani ba. Gidan yana can bayan gari wajen hanyar Abala, kusa da inda sojojin da aka kawo aikin hanya suka kafa tantunansu, kuma ƙofarsa ta baya ta fi ta gaba ganin sawun mutanen kirki. Amma Magagi bai cancanci a ɓata yawu a kansa ba. Labarin na innarsa ne, Muna.

Muna 'yar arna ce, daga wani ɗan ƙauye cikin kwarin dallol inda mata ke dafa giya tun kaka da kakanni. Tun tana 'yar shekara goma take tsoma yatsa a randa, har ta kai in ta wuce ta bayan danga ta shaƙi tururi, tana iya gaya wa mai gida kwanan da giyarta za ta nuna. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ƙanwarta ta rasu ta bar jariri, ita ta ɗauke shi ta goya, shi ne Magagi.

Abin da ya raba ta da sana'ar mutuwar uwarta ce. Aka aika garin da ke kusa a kira malamai, suka ce ba su san tsohuwar da salla ba. Maza biyu suka haƙa rami a bakin daji, aka naɗe ta cikin tabarmar kaba, aka jibga ƙaya a kai saboda kuraye. Babu wanka, babu sahu, babu wanda ya ɗaga hannu. Bayan kwana uku Muna ta koma wurin ta tarar ƙayar a watse, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani ba.

A cikin wannan watan ta farfasa randunanta, ta ja Magagi, lokacin yana ɗan saurayi, suka ƙaura Filinge. Ta je ta durƙusa gaban Malam Hamani, limamin unguwar da suka sauka, ta karɓi kalmar shahada. Tambaya ɗaya kawai ta yi masa.

"Malam, in na mutu, a yi mani salla?"

"In kin riƙe," in ji shi, "ni da kaina ni ka tsayawa gaba."

Ta riƙe kuwa. Shekara goma sha biyu tana dakan fura tana sayarwa a bakin kasuwa, ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, azumi kuwa har da na nafila. Ba ta roƙon Makka, ba ta roƙon dukiya. Burinta duk duniya a yi mata wanka, a sa ta cikin farin ƙyalle, mutane su jeru a bayanta, a kai ta maƙabartar gari inda kura ba ta zuwa.

Ana nan sai ga Magagi ya dawo daga Yamai, inda ya yi shekaru a wani kamfanin kayan sha. Ya zo da tano uku, wato manyan gangunan ƙarfe, da buhunan kwalabe, da ɗan ƙarfen matse murfi, da takardar izini mai hatimi wadda yake nuna wa duk wanda ya tsaya gaisawa. Ya ce giyar gida zai yi amma ta zamani, a cikin kwalba, da takarda manne a jiki. Ya ɗauko mata biyu daga kudu ya sa su aiki. Giyar farko ta fito da tsami kamar an jiƙa tsamiya. Ta biyu ta yi ta fashewa cikin kwalabe har matan suka gudu waje. Sojoji suka raɗa mata suna ruwan wankin akuya. Ashe duk zamansa na Yamai wanke kwalba kawai ya koyo.

Wata rana da hantsi ya sami Muna tana daka, ya tsuguna gefen turmi kamar yaron kirki.

"Inna, taimako nika so."

"Na san abin da ka tahe da kai," in ji ta, ba ta ajiye taɓarya ba. "Tun daga nan nika jin warinta. Kun bar tsiro yay yi tsawo, kuma kuna zuba uwa ruwa na da zahi."

Magagi ya washe baki, don ya ga ta faɗi cutar ba ta ko leƙa randa ba. Uwa ita ce ragowar giyar da ta yi kyau, wadda ake ajiyewa a tayar da sabuwa da ita, shi kuwa kullum kashe ta yake yi cikin ruwan zafi bai sani ba.

"To ki zo ki gwada musu, Inna."

"Ban zuwa. Na bar wanga aiki, ka hi kowa sanin dalili."

"Ai ba sha za ki yi ba. Ki taɓa ga halshe ki tohwar. Da rana tsaka ki biyo ta baya, wa za shi gani?"

Ta yi masa kunnen uwar shegu, ta ci gaba da daka. Sai ya sauke murya, ya taɓo inda ya san yana yi mata ciwo.

"Shi ke nan. In wagga ta lalace sai in bi mota in yi Libiya. Amma Inna, ni kaɗai gare ki. Ran da kinka mutu, wa za shi ɗauki makararki?"

Taɓarya ta tsaya. Tsoro ya kama Muna. Kuma a faɗi gaskiya, ba tsoron kaɗai ba ne: wata uku ke nan hancinta na jin yadda ake wulaƙanta dawa mai kyau, abin yana ci mata rai kamar ana dukan ɗan wani a gabanta.

Haka ta fara bin ƙofar baya da rana tsaka, lokacin da gari ke kwance cikin inuwa. Ta nuna wa matan yadda ake jiƙa dawa, a shimfiɗa a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ɗauke tsiro tun bai wuce gaɓar yatsa ba. Ta hana su gaggawar wuta. Ta koya musu su sa bayan hannu a jikin tano kafin su zuba uwa, in bai yi sanyin jikin mai lafiya ba su jira. Idan ta nuna, sai a kawo mata a ludayi, ta taɓa a harshe, ta tofar cikin toka, ta ce a ƙara mata yini ɗaya ko a tace yanzu. Daga nan ta kurkure baki sau bakwai, ta koma gida tana istigfari har ƙofar ɗaki.

Iri uku suka fito daga hannunta. Akwai ja ta jan dawa, mai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, Magagi ya manna mata takarda ya sa mata Dallol. Akwai fara ta gero, mai sauƙin sha mai wuyar tashi, ya ce Budurwar Kurfai. Ta ukun mai zuma ce, wadda a ƙauyen su Muna sai ranar babban biki ake dafawa, ita kuwa ya sa mata Kaftin, don ya shafa wa shugaban sojojin hanya mai a baki. Kafin damina ta zagayo, jandarma da mushen lakwal, wato malaman makaranta, da ma'aikatan biron gwamnati duk sun san hanyar gidan. Wasu manyan 'yan kasuwa kuma sukan aiko da buhu, a sa musu kwalabe ƙarƙashin dusa. Magagi ya yi tumbi, ya sayi agogo, ya yi aure. Duk wanda ya yaba sai ya ce ai karatun Yamai ne.

Da sojoji suka gama gadar da ke kan gulbi, Kaftin Ibrah, shugabansu, ya sa aka yi biki bayan la'asar. A lokacin nan in soja ya gayyace ka, ba ka da ciwon kai, ba ka da tafiya. Aka kafa rumfa, manyan gari suka jeru a kan kujeru, samari da 'yan mata suka cika fili, aka zaunar da Malam Hamani a gaba don ya yi addu'ar buɗewa. Aka ba manya lemo, sojoji kuwa Magagi ya jera musu kwalabensa a kan tebur, yana ta kai da kawowa kamar shi ya gina gadar.

Muna ba ta nan. Tana gida tana wanke ƙwaryar fura, sai daga baya ta ji yadda aka yi. Kaftin ya ɗaga kwalbar da ke ɗauke da muƙaminsa, ya zuba a kofi, ya shinshina, ya ce wannan ƙamshin tun yana yaro a garinsu rabonsa da shi. Yabon ya hau wa Magagi kai. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya zare masa ido, shi da kansa ya buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, ai da hannun tsohuwa cikinta. Innata ta, 'yar asalin dallol."

Kaftin ya ajiye kofin. Mutum ne mai tsoron abin da za a sa masa a abinci, kamar yawancin masu kaki a wancan zamani, kuma ya san al'ada: ba a miƙa wa baƙo giya sai wadda ta dafa ta fara kurɓa a gabansa, kowa ya ga babu dafi. Magagi ya yi wuf ya ɗauki kofin ya shanye. Kaftin ya yi dariya, ya ce ba mai wanke kwalba ya nema ba, mai dafawa ya nema.

Motar soja ta tsaya a ƙofar gidan Muna. Aka sa ta a baya da hannunta jiƙe, ko mayafin kirki ba a bari ta ɗauko ba. Da aka sauke ta a tsakiyar fili ta ga rumfa, ta ga kwalabe, ta ga Malam Hamani yana kallonta, sai ta gane abin da ya faru. Ta nemi idon Magagi. Shi kuwa ya duƙufa yana goge teburin da ba shi da datti.

"Fofo, tsohuwa," in ji Kaftin, da gaisuwar yaren garinsu. "An ce ke ce gwanar. To ɗebe mana dafi."

"Ranka shi daɗe, na tuba. Salla nika yi. Ban sha."

"Kina dafawa amma ba ki sha?" Ya juya ga sojojinsa, suka fashe da dariya. "To me kika zuba ciki da ba ki iya sha?"

Wani soja ya gyara riƙon bindiga. Bai nuna ta da ita ba, gyarawa kawai ya yi, amma duk filin ya ji ƙarar. Kaftin ya ce ba a kofi ba, a kawo ƙoƙo, a yi yadda ake yi. Aka samo ƙoƙo, aka zuba ja har ta yi kumfa, aka ɗora mata a tafin hannu.

Shekara goma sha uku rabon hannun Muna da ƙoƙo cike da giya. A ludayi take ɗanɗanawa, a ɓoye, da tsoro. Amma kafin nan ta yi shekara arba'in tana karɓar ƙoƙo, kuma a ƙauyensu ba a kai shi baki sai an fara ɗiga wa na ƙasa, kakannin da suka riga mu. Hankalinta duk yana kan bindiga da kan idon Malam. Hannun bai jira ta ba. Ya karkata ƙoƙon, giya ta ɗiga a ƙasa sau uku, bakinta kuma ya bi hannun da muryar da ta saba ji daga uwarta.

"Ku sha, na ƙasa, ku bar muna saura."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma filin ya yi tsit, na cikin rumfa duk sun ji. Ita ma a lokacin ta ji. Ta tsaya tana duban ɗigon uku suna nutsewa cikin yashi, ta so a ce ita ce ke nutsewar. Kaftin ya buga tafi, ya ce yauwa, wannan ita ce ta asali. Ta sha ja. Aka zuba fara ta sha, aka zuba mai zuma ta sha, ta riƙe ƙoƙon da hannu biyu gam don kada ya sake karkata, amma wa ya damu kuma? Malam Hamani ya riga ya sunkuyar da kai. 'Yan kasuwar nan masu buhun dusa su suka fi kowa salati.

Washegari da sassafe ta je zauren Malam, ta durƙusa a inda ta durƙusa shekarun baya. Bai kore ta ba. Ya bar ta ta gama kukanta.

"Malam, ka ga bindiga. Tilas anka yi mani."

"Na gani," in ji shi. "Sha an tilasta ki, Allah na gahwarta ma wanda anka tilasta. Zubawar hwa? Wa yat tilasta ki? Kaftin ya ce ki kira na ƙasa?"

"Wallahi hannu na, Malam. Ban san sa'ad da yay yi ba."

"Shekara goma sha uku kina salla bayana, ashe suna nan cikin hannunki."

Ta ce ta sake tuba, ta maimaita shahada sau uku a gabansa. Ya ce tuba tsakaninta da Ubangijinta ne, shi ba ya rufe wa kowa ƙofa. Amma sallar gawa mutane ke yin ta, kuma mutane sun gani da idonsu, shi ba zai iya jan su da igiya ba. Hanya ɗaya ce: Magagi ya tsaya gaban jama'a ya faɗi cewa shi ya ja ta, ta ƙi ya matsa mata, ba ta taɓa haɗiye ko ɗigo ba sai ranar. In namijin gidan ya shaida, shi Malam zai sami abin da zai riƙe ya tsaya mata.

Muna ta tafi wurin Magagi da wannan magana. Ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, zai faɗa, amma ta bari sojoji su tashi tukuna, kada Kaftin ya ce an zage shi. Ya kuma ce tun da an riga an gani, me ya rage, ta ci gaba da zuwa ta ƙofar gaba ma. Ta ce ƙafarta ba za ta sake taka gidan giyar ba, kuma ba ta taka ba. Ta yi zaton giyar za ta lalace ya zo yana roƙo. Ina! Matan sun riƙe abin da suka riƙe, ta ɗan ragu da daɗi, amma masu sha ba wanda ya lura.

Furarta ce ta lalace. Ba wanda ya ce mata kome, ƙwarya dai ta riƙa komawa gida yadda ta fito. In ta shiga gidan suna ko gidan rasuwa, sai a ba ta wuri mai faɗi fiye da yadda take bukata. Sojojin hanya suka tashi, wasu suka zo. Duk shekara tana tuna wa Magagi, duk shekara yana da dalili: yau matarsa ta haihu, gobe ana sabunta takardar izini. Shekara shida tana salla a ɗakinta da ke kusurwar gidansa na cikin gari, inda ta koma da zama, gwiwoyinta na ƙara ƙagewa, tana jin tsoron kowane zazzaɓi.

Sai zamani ya juya. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, soja suka koma bariki, jam'iyyu suka fito kamar ciyawar farkon damina, masu wa'azi kuma suka sami lasifika. Aka fara jin labarin garuruwan da matasa suka farfasa gidajen giya. Magagi dai hancinsa na jin inda iska ta nufa, wannan kam ya gada. Bai jira kowa ba. Da rana tsaka ya mirgino tanonsa waje ya kifar da su a kan hanya, ya sa aka farfasa kwalabe, ya sallami matan kudu, ya bar gemu, ya kafa injin niƙa a inda murhu yake. Aka sa ranar da zai yi tuba a bainar jama'a, a filin wa'azi bayan sallar la'asar.

Da safiyar ranar Muna ta tare shi a bakin zaure.

"Magagi, yau ka hwaɗi?"

"Yau kam kome za ni hwaɗi, Inna. Ki zo ki ji da kunnenki."

Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta wanke zanenta mai kyau, ta dogara sanda, ta riga kowa zuwa, ta zauna a gaban sahun mata inda za ta ji sosai.

Aka miƙa wa Magagi lasifika. Ya yi salati, ya share ido da bakin rawani. Ya iya magana, wannan ba a hana shi.

"Jama'a, ni maraya na. Ban san uwata ba. Gidan da anka goye ni, randar giya ta makwabciyar shimhiɗata. In na yi kuka ina jariri, ba nono a ka ba ni ba, yatsa a ka tsomawa a sa mani ga baki. Ƙaƙa yaro za shi san haram cikin wanga gida? Na tahi Yamai ina neman halal, nid dawo, anka ce mani ga sana'ar gado, in ban yi ba na tozarta kakanni. Ni ban iya ko jiƙa dawa ba, kowa ya san wagga magana. Wa yak koya mani? Ban kiran suna, uwa uwa ta. Amma kun gani da idonku ran bikin gada, kun ji wa anka kira."

Ya fashe da kuka. Fili ya ɗauki kabbara. Maza suka tashi suna rungumarsa, masu buhun dusa na kan gaba. Muna ta zauna da baki buɗe, tana jiran sauran maganar, don har lokacin ba ta yarda an gama ba. Sai da ta ga an karɓe lasifikar, ta waiga, ta tarar matan da ke kusa da ita sun janye tabarminsu. Malam Hamani, wanda tsufa ya riga ya ci, yana zaune a gefe ba mai tambayarsa kome. Ya dube ta sau ɗaya ya kawar da kai.

Kafin magariba ta sami Magagi yana alwala a tsakar gida.

"Yatsa nika sa maka ga baki? Ni da nis sayar da akuyata in sai maka madara?"

"Inna, ki yi hanƙuri. In na ce ni nij ja ki, ni za su ƙi. Ina da ɗiya, ina da injin. Ke ko kin tsuhwa, mi yar rage miki?"

"Mutuwa tar rage mani."

"To ai ban barin ki a ƙasa. Ni ka sa a gina miki rami mai zurhi."

"Ina? Cikin maƙabarta?"

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa, ya wanke ta ya sake wankewa, har ruwan buta ya ƙare.

Ta kwana biyu ba ta fita ba. A na uku ta dogara sanda ta je gidan Habsa, matar da ke wanke gawar mata a unguwar, wadda suka yi shekaru suna zaman kasuwa gefe da gefe. Habsa ba ta ce ta shigo ba, ta bakin danga suka yi magana.

"Muna, kar ki roƙe ni abin da ban iyawa. In nit taɓa ki, ba mai sake kirana."

"Ba shi nika roƙo ba. Gwada mani yadda a ka yi."

Habsa ta duba hagu da dama. Sannan ta faɗa mata da sauri, murya ƙasa-ƙasa: a fara da tsarki, a yi alwala, a wanke gefen dama sannan na hagu, sau uku, ruwan farko da ganyen magarya.

"Sallar hwa?"

"Wannan ta maza ta. Kabbara huɗu, a tsaye. Babu ruku'u, babu sujada. Gawa na gaba, kwance bisa dama."

"A tsaye?" in ji Muna. "To wagga ko gwiwata na iyawa."

Washegari da hantsi, bayan Magagi ya tafi wurin injinsa, ta tsinko ganyen magarya ta kirɓa, ta ɗumama ruwa, ta shiga bayan ɗaki. Ta yi yadda Habsa ta ce, dama sannan hagu, sau uku, ba ta tsallake ko tsakanin yatsun ƙafa ba. Ta fito ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta kwanta a kai bisa damanta, fuska gabas, ta ɗan jima a haka don wurin ya san ta. Sannan ta dafa sanda ta miƙe da ƙyar, ta koma bayan tabarmar ta tsaya. Ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Addu'ar da ake yi ba ta san ta ba, sai ta ce, Allah ga Muna nan, ka san yadda aka yi. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku, ta yi ta huɗu, hawaye na bin wuyanta, ta yi sallama. Tun ranar bikin gada ba ta ji sanyi a ranta irin na wannan safiya ba. Ta ce gobe ma za ta yi, da jibi, duk ranar da mutuwa ta zo ta tarar an riga an yi mata.

Ba ta ga Safi matar Magagi ba, wadda ta fito shanya ta tsaya bayan rumbu tana kallo tun daga kwanciyar. Safi ba ta ko gama shanyar ba ta ɗauki mayafi. Kafin azahar magana ta kai bakin kasuwa, kafin la'asar ta kai masallaci: tsohuwar nan ta gidan Magagi ta koma arnanci gaba ɗaya, yanzu tabarma take yi wa salla.